Kafin Mu Ce a Rushe Lungunan Cikin Birni

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutanenmu idan sun dawo daga Kano, musamman samarin da suka ɗan yi boko. Wai cikin birni ba komai sai ƙazanta, lungu a kan lungu, kwata a ƙofar kowane gida, da gwamnati za ta kawo katafila ta share a yi sabon tsari da kowa ya huta. Wallahi maganar nan tana yi mini ciwo. Ni ba ɗan birni ba ne, a ƙasar Ringim aka haife ni, nan gonata take, nan iyalina suke. Amma na san lungunan nan akwai guminmu a cikinsu, kuma rabin cunkoson da muke raina su da shi mu muka kai musu.

Jama'a, ba haka birnin ya faro ba. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. A cikinta akwai gonaki da wurin kiwo, don ko an yi wa gari ƙawanya mutane su samu abin kaiwa baka. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, ya ce da rani sukan kai ninki biyu saboda baƙi. Ku lura da wannan. Tun shekara 170 da suka wuce, rabin mutanen da ke kwana a Kano da rani baƙi ne, fatake da almajirai da masu neman na tuwo. Unguwannin da kansu shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Kowane ayari ya sauka, sai ya kama gefe kusa da Kasuwar Kurmi ya yi gida, danginsa su biyo shi.

Kuma wanda ya ce magabatan da suka fitar da lungunan nan ba su da tsari, bai zauna ya duba ba. Hanya an yi ta ne daidai jaki da kayansa, daidai mutum da tulu a ka, domin su ne ababen hawa da sufuri na lokacin. Katangar ƙasa mai kauri tana ba da inuwa kusan duk yini, shi ya sa za ka bar titi rana na dukanka, ka kutsa lungu ka ji sanyi ya ratsa ka. Lanƙwasar hanya tana kare mutuncin gida, baƙo ba ya hango tsakar gidan mutane. Zaure shi ne ɗakin baƙi, shi ne makaranta, shi ne wurin sana'a. Ƙasar da aka yi tubali da ita a cikin unguwar aka haƙa ta, ramin ya zama kududdufi, ruwan da indararo ya zubo ya bi lungu ya gangara can, abin da ya yi saura ya nufi rafin Jakara. Bayan damina a yi yaɓe, a shafe da makuba. Ban ce babu sauro ko wari a da ba, akwai, matafiyan da suka ga Jakara a ƙarni na 19 sun yi ƙorafi a kanta. Amma abin yana tafiya daidai da yawan mutanen da aka yi shi dominsu.

To me ya ɓata shi?

Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari a 1913. Su Turawan suka ware wa kansu Nassarawa da Bompai, da faffaɗan titi da itatuwa, har dokarsu ta tanadi a bar fili na yadi 440 ba gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun cuta. Masu awo da taswira can suka fi maida hankali. An kawo famfo da lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma lungu yana nan yadda yake, mutane kuma sai ƙaruwa suke yi.

Sai kuma rabon gado, wanda a ganina ya fi komai haifar da ƙananan lunguna, kuma ba a cika ambatonsa ba. Mutum ya rasu ya bar gida mai faɗi da 'ya'ya goma. A raba. Kowa yana son ƙofarsa, sai a tsaga siririyar hanya ta tsakiyar gidan. Bayan shekara talatin 'ya'yan waɗannan su sake rabawa. Tsakar gidan da ake shanya hatsi ta zama ɗakuna, turken awaki ya zama ɗakin haya, masai ɗaya ya koma na mutum arba'in. Da fili ya ƙare aka juya kan kududdufai, aka cike su da shara aka yi gini a kai. Ruwan sama kuwa bai san an sayar da wurinsa ba, idan ya zo sai ya shiga ɗakunan mutane. Ga siminti da kwano sun kori ginin ƙasa, ɗaki ya koma tanda da bazara. Ga leda ta toshe 'yar kwatar da ta rage.

Su wa suka cika ɗakunan hayar nan da zaurukan? Mu ne. Layin dogo na Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930 ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, kuma tun daga lokacin, da an gama girbi an ɗaure dawa, maza sai su kama hanyar ci-rani. Farin da aka yi a 1973 ya kori wasu gaba ɗaya, ba su sake dawowa ba. Mu ne 'yan ga-ruwa, mu ne 'yan dako a Kurmi da Kwari, mu ne masu faskare, masu yankan farce, masu wankin hula, leburorin gini. Almajiran da ke kwana a zaurukan malamai 'ya'yanmu ne. Kada kuma wani ya ɗauka sai talaka kaɗai karkara ta aika birni. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, haifaffen Bebeji ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana ci-rani a wata unguwa kusa da Jakara, kuma ya taɓa tafiya da ni ina yaro. Zauren wani dattijo mai ɗinkin hula suke kwana, shi da mutanen garinmu. Tabarmi a naɗe a jingine da bango, kowa da ƙullin kayansa a rataye jikin azara, jarkoki a jere a waje. Ba a karɓar ko kwabo a hannunsu, sai dai su cika wa gidan randuna kafin su fita. Da magariba yarinya za ta fito da akushin tuwo ta ce, “Baba ya ce a kawo wa baƙi.” Idan mahaifina ya tara 'yan kuɗinsa, wurin dattijon yake kai ajiya, ba takarda ba shaida. Ranar da za mu taho ya ce masa, “Malam, Allah ya kai mu baɗi, ɗakinka yana nan.” Da kaka ta yi kuma mahaifina ya aika masa da gero da wake. Ku gaya mini, a wace sabuwar unguwa mai get da mai gadi baƙauye zai samu wannan? Birnin nan da lungunansa ne ya ɗauki nauyin yunwarmu shekara da shekaru, lokacin da babu wata hukuma da ta san muna raye.

Ba ina cewa zaman lungu daɗi ne ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Na ga inda aka fito da mamaci makara ta kasa juyawa a kwana, sai da aka ɗauko shi a hannu zuwa bakin hanya. Idan gobara ta tashi motar 'yan kwana-kwana tana tsayawa a titi, gida yana ci. Mace mai naƙuda a cikin dare sai an tallabo ta tafiya mai nisa kafin a kai inda A-Daidaita-Sahu zai iya shiga. Rijiya da masai suna maƙwabtaka, damina na faɗuwa amai da gudawa ya biyo baya. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 sun san abin da cunkoso a ɗaki mara taga yake jawowa. 'Yan daba sun san kowace kwana, jami'an tsaro ba su sani ba. Kuma dattawa ba su manta da 'Yan Awaki ba, inda rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ya ci rayukan mutum fiye da 4,000, da yawansu samari ne da suka baro ƙauyuka ba wanda ya san halin da suke ciki. Duk wannan gaskiya ne, kuma mutanen da ke zaune a ciki sun fi mu sanin zafinsa.

Amma rusau ba magani ba ne. Idan an rushe, mai takardar gida ne zai karɓi diyya, in ma an biya. Ɗan haya fa? Mai kwana a zaure fa? Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin lungu shekara talatin, wadda duk masu cinikinta maƙwabta ne, ina za ta? Za su kwashi tsummokaransu su nufi bayan gari, su sayi awon igiya, su sake gina wani cunkoson da ya fi na da muni, domin shi ba inuwa, ba zaure, ba dattijon unguwa da ake jin kunyarsa. Duk wanda ya shiga cikin Kurna ko Rimin Kebe ko wasu sassan Ɗorayi da damina ya san abin da nake faɗa. Waɗannan ba Gijimasu ne ya gina su ba, a idonmu aka yi su. Sannan a lungunan cikin birni ne makarantun zaure suke, da marinar Ƙofar Mata, da dukawa da maƙera, da gidajen da malamai suka gada kaka da kakanni. A Sudawa aka haifi Malam Aminu Kano a 1920, kuma a irin waɗannan zauruka talakawa suka riƙa haɗuwa bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Katafila ba ta bambance gidan tarihi da kango.

An kuma gwada gyara an ga yana yiwuwa. Aikin shimfiɗa tayil a lunguna da mutane suke kira lungu ƙal-ƙal, inda aka yi shi da kyau aka haɗa da kwata, yara sun daina tsoma ƙafa a caɓi. Abin da lungu yake buƙata ke nan: magudanar ruwa, famfo mai kawo ruwa, fitila, kwashe shara a kan lokaci, a hana cike sauran kududdufai, a dawo da duba-gari da gaske. Inda ya zama dole a faɗaɗa hanya don motar asibiti, a zauna da mai unguwa da masu gidaje a daidaita, a biya kowa hakkinsa har da ɗan haya.

Yanzu bari in dawo gida, don an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. 'Yan uwana na Jigawa da ƙauyukan Kano, abin da muke zagin birni da shi, shi muke ginawa yau da hannunmu, kuma mu ba mu da uzurin shekara ɗari biyar. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 garuruwanmu suke kumbura. Dubi gefen Dutse, Haɗejia, Gumel, Kazaure, dubi Wudil da Bichi da Gezawa. Gonar da ke bakin gari, da mai ita ya rasu sai magada su kira dillali. A kawo igiya da turaku a yanka fuloti. Kwanan baya na tsaya ana irin wannan awo a garinmu, na ce wa dillalin, “Alhaji, hanyar nan ai ko amalanke ba za ta wuce ba.” Ya ce in aka ƙara mata taku uku an yi asarar fuloti guda a kowane layi, magada ba za su yarda ba. Ba a bar filin makaranta ba, ba a bar na maƙabarta ba, kwarin da ruwa yake bi tun muna yara shi ma an kafa masa turke. Wanda ya saya kuma zai ci taku ɗaya daga hanyar ya yi dakali, na gabansa ya haƙa masai a waje.

Mu da muka ga ambaliyar 2022, yadda ta yi da Ringim da Auyo da Kafin Hausa da yankin Haɗejia, bai kamata a ce sai an roƙe mu mu bar wa ruwa hanya ba. Ba kogi ne kaɗai ya rushe gidaje ba, a wasu garuruwan ruwan sama ne ya rasa inda zai bi.

Ina roƙon iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya, ku ne ake kawo wa takardar ciniki ku sa hannu. Kada ku sa sai kun je kun ga hanya da idonku, kun tabbatar mota biyu za su iya giftawa a babban layi, ɗaya ta shiga ƙarami. Kududdufin gari da kwarin ruwa a rubuta su a matsayin na al'umma, a sanar a masallacin Juma'a kowa ya ji. Ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 44 na Kano kowace tana da sashen ayyuka da ma'aikatan filaye, a fito da su su yi awo kafin a kafa tubalin farko. Malamanmu masu rabon gado, idan gida ya yi ƙanƙanta a ba magada shawara wani ya sayi rabon wani maimakon a tsaga shi gida shida. Mu kuma masu saye, in ka je ganin fuloti ka tarar ba hanya, ka riƙe kuɗinka ka gaya wa dillalin dalili a gaban mutane.