Jirgin da kuke gani a fim ɗakin kwanan wani ne

Shekaranjiya wani ƙanena ya turo mini hoto daga cikin shirin talabijin ɗin nan na 'yan daba, Peaky Blinders: jarumin na tsaye a bakin ruwa da hular nan tasa, hayaƙi ya turnuƙe, ga wani dogon jirgi baƙi ƙirin a ɗaure. Ya ce, "Yaya, tunda kana Birmingham, don Allah ka je wurin nan ka ɗauko mini hoto." Na ce masa to, amma ya sani wurin ba a Birmingham yake ba.

Labarin shirin dai a unguwar Small Heath ta Birmingham aka kafa shi, daga 1919, kuma BBC ta fara haska shi a 2013 har ya ƙare a zango na shida a 2022. Amma wanda ya je Small Heath yau yana neman abin da ya gani a talabijin, masallatai zai tarar da shagunan naman halal. Layin gidajen 'yan dabar a Liverpool aka ɗauke shi. Bakin ruwan nan kuwa da ake kira filin Charlie, a garin Dudley yake, cikin gidan tarihin Black Country Living Museum da aka buɗe a 1978, inda aka riƙa ciro tsofaffin gine-gine daga garuruwan yankin ana sake gina su bulo bayan bulo.

Wannan bai dame ni ba. Ko a Kano ana ɗaukar sin ɗin ƙauye a bayan gari a ce mana wata duniya ce, mu kuma mu yarda. Hasali ma gidan tarihin nan shi ne lokeshan ɗin da ya fi dacewa: babu wanda za a tasa daga barci, an biya kuɗi, masu yawon buɗe ido sun ƙaru, har dare na musamman suke shiryawa mutane su zo cikin shigar 'yan shirin. Kowa ya ci riba. Damuwata tana wani wuri daban, wato lokacin da kyamara ta bar gidan tarihi ta sauko kan ruwan da mutane ke zaune a kansa.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai san abin ba. Kanal nake nufi, irin wanda manoman Kura da Kadawa suka sani, sai dai na Ingila ba don ban ruwa aka haƙa su ba, don dako ne. Wanda ya buɗe ƙofa shi ne na Bridgewater a 1761, mai kai gawayin kwal daga Worsley zuwa Manchester. Doki ɗaya yana tafiya a gefen ruwa ya ja kayan da dawakai da yawa ba za su iya ba a kan tudu. Jiragen sirara ne, faɗinsu mita biyu da 'yan kai, tsawonsu ya kan kai mita 21, domin haka aka yi ƙofofin ruwan da ke ɗaga jirgi ko sauke shi. Yau akwai kimanin mil 2,000 na irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales a hannun ƙungiyar Canal & River Trust, wadda ta gaji hukumar British Waterways a 2012, kuma jiragen da ke da lasisi sun haura 30,000.

Da yawa daga cikinsu na shaƙatawa ne. Amma dubbai gidaje ne, musamman a Landan inda kuɗin haya ya kori mutane zuwa kan ruwa. Mai hali yakan yi hayar maɗaura ta dindindin. Marar hali kuwa akwai dokar 1995 da ta ba shi damar zama ba maɗaura, bisa sharaɗin kada ya wuce kwana 14 a wuri guda. Duk sati biyu sai ya kwance igiya ya ƙara gaba. Ku yi tunanin mai aiki a asibiti ko mai yara a makaranta yana wannan ƙaura shekara da shekaru.

Na san haka ne ta hanyar wani dattijo Bature da muke aiki tare, wanda ya shekara fiye da goma a cikin jirgi. Ranar da ya fara gayyata ta shan shayi, sai da na sunkuya kafin in shiga, in na miƙa hannuwana kuwa saura kaɗan in taɓa bango biyu. Ga murhun kwal, ga tukunyar gas, ga gado da ake naɗewa da safe. Ruwan sha sai ya tuƙa zuwa famfo ya cika tanki. Bayan gida kuwa wani akwatin roba ne da yake ɗauka da hannunsa ya kai wurin zubarwa. Wannan ɓangaren dai ban taɓa ganin darakta ya haska shi ba.

Wani sanyi da ya wuce, ya dawo daga aikin dare ya tarar da takarda a liƙe: an dakatar da ɗaure jirgi a wannan gaɓa na wasu kwanaki saboda za a ɗauki fim. Kwanansa uku kacal da isowa, kuma ya zaɓi wurin ne don yana kusa da tashar bas da famfo. Bai runtsa ba ya tada inji. Jirgin kanal ba ya wuce mil huɗu a awa, tafiyar ƙafa ke nan, ga ƙofofin ruwa da sai ya sauka ya murɗa da hannu shi kaɗai cikin yayyafi. Da ya tambayi wani yaro daga cikin masu fim ɗin, sai ya ce masa ai jiragen nasu ne ba su dace da zamanin labarin ba, saboda farantan sola da kekuna da buhunan roba a saman rufi. Daga baya suka kawo nasu jirgin na haya, suka shafa masa datti, suka kunna injin hayaƙi. Dattijon yana ba ni labari yana dariya. Ya ce, "Ɗana, hayaƙin murhuna na gaske ne, kuma kyauta. Sun kore shi sun sayo na ƙarya."

Shi ya yi dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Da a ce layin gidajen bulo ne, ba wanda zai liƙa takarda ya ce ku kwashe gidajenku ku dawo ranar Juma'a. Sai an bi ƙofa-ƙofa, a roƙi arziki, wani lokaci a ba da ɗan hasafi. Amma saboda wannan gida yana da inji, sai a ɗauke shi tamkar mota da aka ajiye a inda bai kamata ba.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Gaɓar ruwa ba gadon kowa ba ce. Wanda ya zaɓi zaman kwana 14 ya san ƙaura ce rayuwarsa. Sannan kula da kanal mai shekara 200 kuɗi yake ci ba na wasa ba, ga shi tun 2023 gwamnati ta sanar cewa za ta riƙa rage tallafin da take bayarwa daga 2027. Kuɗin masu fim yana toshe wata kafa. Ban ce a hana ba. Cewa na yi kamfanin da ke iya ciyar da mutum ɗari a lokeshan, ya jera manyan motoci da janareta, ba zai gagara tura mutum ɗaya ya ƙwanƙwasa taga tun da wuri ba, ya taya jan ƙofar ruwa, ya sayi buhun kwal biyu. Bai kai kuɗin shayin rana ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne labarin da suke tsallakewa. A fim, kanal ko dai wurin fasa-ƙwauri ne da jefar da gawa, ko kuma aljannar duniya mai agwagi da furanni. To, mutanen da suka yi dakon fa? Da jirgin ƙasa ya karya farashi, matuƙa suka kasa biyan haya, sai suka kwaso mata da 'ya'ya cikin ɗan ɗakin bayan jirgi wanda bai wuce mita uku ba. A nan ake haihuwa, a nan ake jinya. Yara ba makaranta, su ne masu kora doki. Sai da wani mutum, George Smith na Coalville, ya yi ta kururuwa kafin majalisa ta yi dokar 1877 ta rajistar jiragen da iyaka yawan masu kwana a ciki. Kuma daf da gidan tarihin nan na Dudley akwai ramin ruwa da ya ratsa ƙarƙashin tudu, kusan kilomita uku, ba hanyar doki a cikinsa. Mazaje ke kwanciya a kan jirgi su riƙa tura bango da ƙafa cikin duhu har su fita. Sana'ar dakon ta yi ta jan ƙafa har sanyin 1962 zuwa 1963, lokacin da ruwan ya daskare na makonni, masu kaya suka koma ga manyan motoci ba su dawo ba. Wanne marubuci ne zai ce babu labari a nan? Amma sai a ajiye jirgin a bayan jarumi kamar labule.

Asabar ɗin nan dai na cika alkawari. Na hau bas zuwa Dudley, na biya kuɗin shiga, na tsaya a layi bayan wasu samari masu hula iri ɗaya, na ɗauki hoton filin Charlie. A hanyar dawowa na biya ta wurin dattijo, wanda yanzu ya ƙara gaba da mil biyu, na ɗauki nasa jirgin da sola da keke da wanki a shanye. Na tura wa ƙanena duka biyun. Na farkon ya ɗora a shafinsa. Na biyun ya tambaye ni ko kuskure na yi wajen turawa.