Wa ke rubuta wa 'yan barkwancin Maraɗi?

Maraɗi ba ta rasa masu ban dariya ba. Daga unguwar Zariya har ta Mokoyo, da wuya ka zauna a fadar samari ba ka tarar da yaron da in ya kwaikwayi ɗan kabu-kabu yana rigima da fasinja kan canjin dala ashirin, sai mai dafa shayi ya manta da buta a wuta. Yawancinsu yanzu sun koma TikTok da Facebook, wasu har gidajen talabijin masu zaman kansu kan kira su da azumi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba sa daɗewa ana yayinsu. A ganina dalilin ɗaya ne: babu labari a bayan dariyar.

Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, tsohon soja ne. Zaman bariki da ya yi shi ya juya ya zama Samanja Mazan Fama: tsawar samanja kan ƙananan sojoji, rawar jikinsa gaban manya, Hausar nan tasa mai gauraye da Turanci. Shi ke tsara labarin, shi ke fitowa a ciki, shi ya sa ya shekara da shekaru bai gundiri mutane ba, har mu nan da muka san shi ta Rediyon Kaduna da kaset.

A gida kuma muna da Yazi Dogo, malamin makarantar da ƙungiyarsa ta riƙa tara iyali gaban Télé Sahel, gidan talabijin na ƙasar Nijar. Wani zai ce ai su ma ba kowace kalma suke rubutawa ba, kuma gaskiya ne. Amma sukan zauna su shirya labarin fitowa bayan fitowa, kowa ya san halin wanda zai zama, a yi ta gwaji kafin a ɗauka. Alhajin da ke wasan yana da dalilin rowarsa, ma'aikacin ofis yana da hanyar da yake bi ya karɓi na goro. Wannan shirin ne yaranmu suka tsallake. Sai a ɗaura gemun auduga, a sa hula a karkace, a zagi juna na minti biyu. Ranar farko a yi dariya, ta biyar a wuce.

Ban ɗora musu laifin duka ba. Gidan talabijin da ke ce wa yaro "kawo mu sa maka, ka samu suna" bai biya ɗan wasa ba, balle wanda ya kwana yana rubutu. Ɗan kasuwar da ke ba da talla fuskar da aka sani yake nema, ba ruwansa da mai alƙalami. To wa zai ɓata mako guda kan labarin da ko jaka biyar ba zai kawo masa ba?

Duk tashar da ke karɓar kuɗin talla a kan wasan barkwanci, ya kamata ta ware kason marubuci, ta kuma sa sunansa a allo. Su kuma yaran su yi rajistar ayyukansu a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, tun kafin a kwashe su a tura a waya kyauta. Malaman Hausa da ke makarantun garin nan, da yawansu sun iya tsara labari, kuma za su zo in an neme su da kuɗin aikinsu a hannu.