Samari, Me Matar Gola Ta Yi Muku?

Daren Asabar a gidan kallon ƙwallon unguwarmu na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. An buga wa wani gola ɗan Afirka da ke tsaron raga a Turai ƙwallo daga nesa, ta kuɓuce masa ta shige. Ihu ya tashi, masu cewa kwando suna faɗa, masu cewa rariya suna faɗa. Wannan duk cikin raha ne, ban damu ba. Amma wani yaro da ke zaune a bencin gabana, wanda ko gemu bai fara ba, sai ya zaro waya, ya lalubo shafin matar golan a Instagram, ya samu hoton da take riƙe da jaririnta, ya zauna yana rubuta mata ashar. Da ya gama sai ya miƙa wa abokansa suna karantawa suna tafawa. Na ce masa, "Kai yaro, ita ce ta tsaya a ragar?" Ya dube ni ya ce, "Baba, ai mijinta ne ya yanka mini tikiti."

To kun ji tushen abin. Rabin zagin nan da kuke yi, ba kishin kulob ba ne, haushin caca ne. Yaro ya kwashi kuɗin cefanen uwarsa ya zuba a wasa goma, tara sun shiga, na goman ya ƙi, sai ya nemi wanda zai huce a kansa. Maganar caca dai sai wata rana, don ita ma tana nan tana cin gidaje a hankali.

'Yan'uwana, wannan hali ba yau muka fara shi ba. Ku tuna Garwa, ranar 23 ga Janairun 2022, lokacin da Tunisiya ta fitar da Najeriya daga gasar cin kofin Afirka da ci ɗaya mai ban haushi. Youssef Msakni ya ɗaɗa ƙwallo daga wajen da'ira, golan Najeriya Maduka Okoye ya taɓa ta amma ta wuce. Yaron nan shekararsa 22 a lokacin. A Jamus aka haife shi, a can ya tashi, ya zaɓi ya sa rigar ƙasar mahaifinsa. A wannan fili dai ya hana Masar da Salah ɗinsu cin ko ɗaya a wasan farko. Dare ɗaya aka manta. Aka bi shi da zagi, aka haɗa da danginsa, har da masu yi masa barazanar kisa, sai da ya rufe wurin sharhi a shafinsa. Ya daɗe kafin ya sake tsaya wa Najeriya a raga.

Bayan wata biyu kacal sai ga Francis Uzoho a ragar Najeriya a Abuja, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya da Ghana. Ƙwallon Thomas Partey ta bi ta ƙarƙashinsa, aka tashi ɗaya da ɗaya, Ghana ta tafi Qatar mu muka zauna. Shi ma aka yi masa wankin babban bargo. Amma a watan Oktoba na shekarar, da Uzoho ɗin nan ya tsaya wa Omonia ta Cyprus a Old Trafford, yana ta kaɗe ƙwallayen Manchester United har sai da aka shiga ƙarin lokaci kafin McTominay ya samu ya ci, su wa suka cika Facebook da "ɗanmu ne"? Ku ne dai. Bakin da ya tsine masa a Maris, shi ya yi masa kirari a Oktoba. Ko kunya babu.

Dokin mai baki ya fi gudu. Kai da kake kan benci da ledar gyaɗa, ko ƙwallon unguwa aka ce ka shiga raga sai ka ce yatsanka na ciwo. Ɗan gaba zai zubar da dama biyar, ya ci ɗaya a minti na tamanin, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola kuwa ya tare tara, ta goma ta wuce, ita za a riƙa maimaitawa a waya har shekara. Ga shi a ƙasar mutane, ga sanyi, ga yaren da bai gama ji ba, ga wani golan a benci yana jiran ya yi tuntuɓe, domin raga ba ta ɗaukar mutum biyu. In ya koma gida ya buɗe waya don ya ji sanyi wajen nasa, sai ya tarar nasan ne suka fi kowa iya zagi.

Kuma ba ku san abin da mutum yake ɗauke da shi ba. Carl Ikeme yana tsaron ragar Najeriya da Wolves aka gano yana da sankarar jini a 2017, dole ya ajiye safar hannu. Robert Enke, golan Jamus, ya yi shekaru yana ɓoye ciwon damuwa, yana shiga fili yana fita, har ya hallaka kansa a 2009. Magana zarar bunu ce. Abin da ka rubuta cikin daƙiƙa goma kana dariya, wani zai kwana yana juya shi.

Ban ce kada a soki wasa ba. Ka ce ya yi sakaci, ka ce tsayuwarsa ba daidai ba ce, ka ce koci ya ajiye shi. Amma ina ruwan matarsa? Ina ruwan jaririn da ko tafiya bai fara ba? Ku ji tsoron Allah, ku riƙa tauna magana.

Mu da muka taso muna jin wasa a rediyo, mun yi adawa mai zafi, mun yi wa juna tsiya har a kai ga gaba ta kwana biyu. Amma ko a filin unguwa, yaro ya kuskura ya ambaci uwar wani, manyan da ke gefe za su tsayar da wasan, a kama kunnensa a kai shi gaban ubansa. Yau uban yana benci na baya a gidan kallon, shi ma kansa a sunkuye yana duba nasa tikitin.