Abin da zai iya hana Oklahoma City Thunder sake ɗaga kofin NBA

Zuwa 2025, rabon da wata ƙungiya ta ɗauki kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau biyu a jere tun Golden State Warriors, wadda ta ci a 2017 ta sake ci a 2018. Daga nan kofin ya shiga yawo: Toronto a 2019, Lakers a 2020, Milwaukee a 2021, Warriors a 2022, Denver a 2023, Boston a 2024, sai Oklahoma City Thunder a 2025. Shekara bakwai, zakaru bakwai. Kuma daga Toronto har Boston, babu ko ɗaya da ta wuce zagaye na biyu a shekarar da ta fito kare kambunta.

Duk da haka, a jajibirin kakar 2025-26, samarin da ke bin ƙwallon kwando a waya daga Bichi, Rano, Ringim zuwa Gumel sun riga sun miƙa wa Oklahoma kofin 2026 tun ba a jefa ƙwallo sama ba. Ina ganin suna da hujja, domin tun 2018 ba a yi zakarar da ta shiga sabuwar kaka da ƙarfinta a cike kamar wannan ba. Inda na rabu da su shi ne batun tabbas. Idan aka ɗora Oklahoma a gefe guda, sauran ƙungiyoyi 29 a ɗaya gefen, ni a wurina sauran sun fi rinjaye.

Yawancinmu da Firimiyar Ingila muka saba, inda mai yawan maki a tebur shi ne zakara. A NBA wasanni 82 na kaka ba sa ba da kofi. Abin da suke bayarwa shi ne matsayi, da damar buga wasan raba gardama a gida. Bayan su sai zagaye huɗu, kowane zagaye ƙungiya biyu su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Sai an ci 16 ake ɗaga kofi. Oklahoma ta ci 68 ta faɗi 14 a kakar 2024-25, amma a zagayen fitar da gwani sai da ta buga wasa 23, kuma sau biyu ana kai ta bango: Denver ta ja ta har wasa na bakwai, Indiana ma haka. A wasa na bakwai da Denver, ɗan wasanta Aaron Gordon da ciwon cinya ya buga. A na Indiana kuwa, ranar 22 ga Yuni, jijiyar agarar gwaninta Tyrese Haliburton ta tsinke tun a zubin farko, duk da haka Indiana ce ke gaba da maki ɗaya da aka tafi hutun rabin lokaci, kafin a tashi 103 da 91. Wannan bai rage wa Oklahoma daraja ba, kofi kofi ne. Sai dai ya nuna tazarar da ke tsakaninta da na biye da ita ba ta kai yadda tebur ya nuna ba.

Babban abin da ke rushe zakaru a wannan zamani kuɗi ne. Yarjejeniyar da hukumar gasar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta kafa shinge biyu a saman iyakar albashi. A kakar 2025-26 iyakar tana kusan dala miliyan 154.6, harajin da ake ɗora wa ƙungiyar da albashinta ya yi yawa yana farawa a wajen miliyan 187.9, shinge na biyu kuma yana kusan miliyan 207.8. Ƙungiyar da ta haura shingen nan na biyu ba za ta haɗa albashin 'yan wasa biyu ta yi musayarsu da babban ɗan wasa guda ba, ba za ta saka tsabar kuɗi a cikin ciniki ba, ba ta da kason nan na ɗauko matsakaicin ɗan wasa daga kasuwa, kuma ana hana ta yin ciniki da damarta ta zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na shekara ta bakwai mai zuwa. To ɗan benci da ya haskaka a wasan ƙarshe farashinsa tashi yake yi, zakara kuma ba ta da hanyar riƙe shi. Haka Bruce Brown ya bar Denver ya tafi Indiana a 2023, Kentavious Caldwell-Pope ya bi bayansa zuwa Orlando a 2024. Boston ma da kanta ta sallami Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a bazarar 2025 don ta sauko ƙasan shingen.

Zuwa kakar 2025-26 wannan tarkon bai kama Oklahoma ba. Ta sabunta wa gwaninta Shai Gilgeous-Alexander kwantiragi na shekara huɗu a kan kusan dala miliyan 285, ta ba Jalen Williams da Chet Holmgren shekara biyar-biyar, amma manyan kuɗin Williams da Holmgren sai 2026-27 za su fara, na Shai kuma sai 2027-28. A kakar 2025-26 ƙungiyar ko harajin ba ta shiga ba. Shi ya sa Lu Dort, Alex Caruso, Isaiah Hartenstein da Cason Wallace duk suka zauna. Aikin Sam Presti ne, babban manajan ƙungiyar, wanda a 2019 ya sayar wa Clippers Paul George ya karɓi Shai da damar zaɓe biyar a zagayen farko, kuma da ɗaya daga cikinsu aka ɗauko Williams a 2022. Ga ƙuruciya: a farkon kakar 2025-26 Shai shekararsa 27, Williams 24, Holmgren 23. Gajiyar da ta kayar da Lakers a 2021, bayan hutun da bai kai wata biyu da rabi ba, ba ita ce damuwar waɗannan yara ba.

Sai dai ƙuruciya ba ta hana rauni, kuma tarihi ya ajiye misalin da ya kamata masoya Oklahoma su sani. Ƙungiya ɗaya ce ta ci kofi da 'yan wasan da suka fi na Oklahoma ƙarancin shekaru, wato Portland ta 1977. A kakar da ta biyo baya ta ci 50 cikin wasanni 60 na farko, kowa ya ce an gama. Sai ƙafar gwaninta Bill Walton ta samu matsala. Aka fitar da Portland a karonta na farko a zagayen fitar da gwani, kuma Seattle ce ta fitar da ita, ƙungiyar da ta koma Oklahoma a 2008. A kusa-kusa ma haka abin yake. Milwaukee ta rasa Khris Middleton a 2022. Agarar Jayson Tatum ta tsinke a wasa na huɗu da New York a 2025. Ita kanta Warriors ta 2019 ta rasa Kevin Durant da Klay Thompson a wasa biyu a jere.

A Oklahoma wurare biyu nake kallo. Williams ya buga zagayen fitar da gwani na 2025 da tsagaggiyar jijiya a wuyan hannunsa na dama, hannun da yake jifa da shi, aka yi masa tiyata bayan an gama. Holmgren kuma bai buga ko wasa ɗaya ba a shekararsa ta farko saboda ƙafa, a 2024-25 ya karye a ƙugu, wasa 32 kacal ya samu a kaka. Shi ne mai tsaron bakin kwando, shi ne kuma dogon da ke iya jifan maki uku har ya janye dogon abokan hamayya daga ƙarƙashin allo. In babu shi a watan Mayu, tsarin koci Mark Daigneault ya zama wani abu daban.

Akwai kuma matsalar cikin fili. Ƙarfin Oklahoma a tsaron gida yake. Su ne suka fi kowa ƙwace ƙwallo a 2024-25, kuma da zarar sun ƙwace sai gudu, maki biyu sun shiga kafin abokan karawa su juyo. A cikin kaka wannan yana cin kowa, domin ƙungiya ta sauka daga jirgi jiya, yau ta haɗu da su, gobe ta wuce wani gari. A karon wasa bakwai kuwa labari ya canza. Kamar ɗan damben da ya kashe gari a kakar bara ne: bana duk wanda zai shiga da shi ya riga ya san ta inda hannunsa ke fitowa. Denver ta nuna hanyar. Ta rage zubar da ƙwallo, ta sassauta gudun wasa, ta koma tsaron yanki maimakon mutum da mutum, ta cunkushe tsakiyar da Shai ke son kutsawa, ta bar su Dort a buɗe ta ce su jefa daga nesa. A daren da jifan ya shiga, Oklahoma ta yi kaca-kaca da su. A daren da ya ƙi, sai ka ga ƙwallo ta tsaya a hannun Shai, daƙiƙa 24 da aka ba ƙungiya ta yi jifa na ƙarewa, sauran huɗu suna kallo. Gasar ta kasu yanki biyu, Gabas da Yamma, kuma kowane koci a Yamma, yankin Oklahoma, yana da faifan waɗannan wasanni.

Kuma Yammar ta ƙara tsauri a jajibirin kakar 2025-26. Denver, wadda rashin benci ya kashe a 2025, ta ɗauko Cam Johnson da Jonas Valanciunas da Tim Hardaway Jr., ta dawo da Bruce Brown, ga Nikola Jokic yana nan. Houston ta samu Kevin Durant, ko da yake raunin gwiwar Fred VanVleet ya rage mata ƙarfi. Minnesota ta kai wasan ƙarshe na yanki shekara biyu a jere. Luka Doncic yana Lakers, Victor Wembanyama yana tasowa a San Antonio. Kafin Oklahoma ta ga zakaran Gabas sai ta tsallake uku daga Yamma. Ko a kowane zagaye ita ce ake kyautata wa zato, zagaye huɗu a jere abu ne da ke cinye zato kaɗan-kaɗan.

Wanda ya san daɗin wannan aiki ɗan ƙasarmu ne. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci da Houston a 1994 ya sake ci a 1995. Amma a shekara ta biyu ƙungiyar ta shida ta ƙare a Yamma, da nasara 47, kuma sai da ta ba da Otis Thorpe ta karɓo Clyde Drexler a tsakiyar kaka kafin ta farfaɗo, ta share Orlando huɗu ba ko ɗaya. Shugabanninta ba su zauna a kan abin da ya yi aiki bara ba. Presti yana da tarin damar zaɓe da zai iya sayen gwanin jifa da su kafin a rufe kasuwa a Fabrairu, kuma ina ganin ya kamata ya yi, ko da ƙungiyar tana saman tebur a lokacin.

Ga mai bibiya daga ƙauye, wasannin gida na Oklahoma suna farawa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare agogon Najeriya, lokacin da mai gidan kallo ya daɗe da kashe janareto. Gajeren bidiyon da ake turawa da safe dankin ƙwallo kawai yake nunawa, yana kuma cin data. Teburin alƙaluman wasa ya fi arha, ya fi faɗin gaskiya. A duba sau nawa kowane ɓangare ya zubar da ƙwallo: idan Oklahoma tana cin wasa ko a daren da ba ta fi abokan karawa ƙwace ba, ta gyara lagonta. A duba jifan maki uku na Dort, Wallace da Caruso, musamman a wasannin waje. A duba mintunan Shai cikin 48: a 2024-25 wajen 34 yake bugawa, idan ya fara kai 38 a watan Janairu, akwai wanda ba ya sauke nauyinsa. Daga tsakiyar Maris kuma, jerin masu rauni ya fi tebur muhimmanci, kuma sunayen da za a fara nema a ciki su ne Holmgren da Williams.