Ku San Rukunin Jininku Tun Kafin Ranar Buƙata

'Yan uwana matasa, sau da yawa idan aka tambayi saurayi ko budurwa rukunin jininsu, amsar da ake ji ita ce AA ko AS, kuma wannan amsa tana damuna ƙwarai, domin ta nuna mun cakuɗa abubuwa biyu mabambanta. AA da AS da SS bayani ne a kan sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini, wanda ake dubawa saboda cutar sikila. Rukunin jini kuwa wasu alamomi ne da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma shi likita zai fara nema ranar da mutum ya zubar da jini a haɗari ko wajen haihuwa.

Kafin shekarar 1901, ƙarin jini kasada ne, wani ya rayu wani ya mutu ba a san dalili ba, har sai da Karl Landsteiner, wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya gano cewa jinin wasu mutane idan ya haɗu da na wasu yana curewa. Daga aikinsa aka san rukunan A da B da O, aka gano AB a shekarar da ta biyo baya. Mai rukunin A yana da garkuwa a ruwan jininsa mai yaƙar alamar B, mai B yana da mai yaƙar A, mai O yana da duka biyun, mai AB kuwa ba shi da ko ɗaya. Idan aka ƙara wa mai O jinin A, garkuwarsa za ta farfasa baƙin ƙwayoyin nan take, ƙoda ta iya tsayawa, rai ya iya salwanta. Shi ya sa ko kun san rukuninku, sai an sake gwada jininku da na mai bayarwa kafin a ɗaura muku leda, don haka kada ku ga ma'aikatan ɗakin gwaji suna wannan aiki ku ce ɓata lokaci suke yi.

Game da gado, ina roƙonku ku yi hattara da harshenku. Kowane mutum yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma A da B suna rinjayar O su ɓoye ta. Saboda haka mai rukunin A yana iya ɗauke da O a ɓoye, haka ma mai B, kuma idan irin waɗannan biyu suka yi aure, 'ya'yansu za su iya fitowa A ko B ko AB ko O. Uba mai AB da uwa mai O kuwa, 'ya'yansu A ko B suke fitowa, ba mai kama da ɗayansu. Duk wanda ya zargi matarsa don rukunin ɗa ya saɓa da nasa, ya zalunce ta da jahilcinsa.

Abin da na fi so 'yan uwana mata su riƙe shi ne alamar Rh, wadda Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana a 1940, ita ce ake nufi da fozitif ko nagetif a ƙarshen rukuni. Mace mai nagetif idan ta ɗauki cikin ɗa mai fozitif, wanda ya gado daga ubansa, ɗan jinin jaririn kan shiga nata musamman lokacin haihuwa, sai jikinta ya ƙera garkuwa a kansa. Yawanci ɗan fari yana tsira lafiya, amma a ciki na gaba, idan shi ma jaririn fozitif ne, garkuwar tana ratsa mabiyiya ta riƙa farfasa jinin jariri, ya zo da ƙarancin jini da shawara mai tsanani wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa, ko ma ya mutu a ciki. Abin takaici shi ne wannan musiba tana da rigakafi, wato allurar anti-D, amma allurar ba ta da amfani bayan garkuwar ta riga ta kafu.

Wannan ba hujjar fasa aure ba ce, domin mai nagetif tana auren mai fozitif su haifi 'ya'ya lafiyayyu. Abin da ake buƙata shi ne ta yi gwaji tun kafin cikin farko, ta sanar da ma'aikatan awon ciki, a yi mata allurar wajen mako na 28, sannan a sake yi cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne. Ko ɓari ta yi, ko ta ga jini tana da ciki, ta hanzarta zuwa asibiti ta faɗi rukuninta, don likita ya duba ko tana buƙatar allurar cikin waɗannan sa'o'i.