Tsayin Aro: Nasiha Ga Ƙannena Masu Shiga Duniyar Na'ura

Sautin ne ya fara jan hankalina. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga cikin kwamfutar ƙanina, alhali shi kansa yana zaune ba takalmi, ya naɗe ƙafa a kan kujera. Na leƙa allon. Wani dogon saurayi ne ke takawa a cikin wani falo mai walƙiya, kafaɗa a buɗe, gemu a gyare, a ƙafarsa kuwa jan takalmi mai tsini, irin wanda duk wanda ya gani zai ce na mata ne. Na ce, "Wane ne wannan?" Ya ce, "Ni ne, Yaya." Da ya ga fuskata ta canza, sai ya yi wuf ya ƙara da cewa, "Ai wasa ne kawai."

Maganganun nan biyu sun hana ni sakat kwana da kwanaki. A numfashi ɗaya ya faɗe su, kuma ɗaya tana rushe ɗaya. In kai ne, to abin ya wuce wasa. In kuwa wasa ne kawai, me ya sa ka kwashe dare biyu kana zaɓen launin takalmin? Shi ya sa nake rubuto muku, ku ƙannena da sa'o'ina masu shiga waɗannan duniyoyi, da masu sa takalmin da masu yi musu dariya, domin na lura dukanku a bayan hujja ɗaya kuke fakewa.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, tun 2003 kamfanin Linden Lab da ke San Francisco ya buɗe Second Life, wata duniya ta cikin kwamfuta, inda ba gasa ake yi ba, zama ake yi. Ka ƙera wa kanka jiki, ka zaɓi tsayi da launin fata da suma, ka sayi tufafi, ka gina gida, ka fita hira. Roblox ya biyo baya a 2006. A VRChat kuwa mutum kan ɗaura na'ura a ido, ya sunkuyar da kai ya ga ƙafafun jikin aron a daidai inda nasa suke. A can takalmi mai tsini ba ya matse yatsu, ba ya sa ciwon gwiwa, ba a turguɗewa. An cire wahalarsa duka, an bar kallon. Don haka namijin da ko a mafarki ba zai sa shi ya fita titi ba, a can sai ya sa.

Da na zaunar da ƙanina, hujjar da ya fara kawo mini ta tarihi ce, kuma ban ƙaryata shi ba, don gaskiya ya faɗa. Dunduniyar takalmi a ƙafar maza ta fara suna. Mahayan Farisa sun daɗe da ita, domin tana kama likkafa, mahayi ya miƙe tsaye doki na sukuwa ya ɗana kibiya ya harba ba tare da ƙafa ta zame ba. A 1599 Shah Abbas na Ɗaya ya aika jakadu Turai neman ƙawance a kan Daular Usmaniyya, kuma a wannan zamanin ne manyan Turai suka kamu da son kayan Farisa, har da takalminsu. Sarki Luwis na 14 na Faransa ya mai da jar dunduniya alamar fada, sai na kusa da sarki ke sa ta. Hotonsa da Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701 yana nan a gidan tarihi na Louvre, sarki cikin alkyabbar mulki, takobi a kugu, dunduniya ja zur. Matan Turai daga wurin maza suka ara, a shekarun 1630, lokacin da ake yayin kwaikwayon shigar maza. Kafin ƙarni na 18 ya ƙare mazan sun ajiye ta. Siririn tsinin nan mai ƙarfe a ciki da muka sani yau sai a shekarun 1950 ya bayyana, a hannun masu zanen takalman mata irin su Roger Vivier da ya yi wa kamfanin tufafi na Dior aiki.

Duk wannan haka yake. To amma ku saurari abin da tarihin ke faɗa da kyau. A kowane zamani takalmin yana magana. A ƙafar mahayi cewa yake, ni mayaƙi ne. A fadar Faransa cewa yake, ni ba na noma, ba na taka laka. Sutura harshe ce, kuma mutanen zamaninka ne ke sauraronka, Shah Abbas ba ya cikin falon nan. Har gobe makiyayan shanu na Amurka suna sa takalmi mai dunduniya don hawan doki, ba wanda ya ɗaga ido ya dube su. Jan tsinin da ƙanina ya saya kuwa, wanda ya zana shi ya san wa ya zana wa, ƙanina ma ya sani. Kada mu ɗauko takalmin mayaƙi mu rufe wanda ba shi ba.

Ga Musulmi akwai magana a gaba da wannan. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Ibn Hajar ya yi bayani a sharhinsa cewa siffar tufafi tana bambanta gwargwadon abin da mutanen kowane wuri suka saba. Ke nan abin lura shi ne yadda aka san kayan a yau. Fatawa ta malamai ce. Ni abin da na ce wa ƙanina shi ne, hannun da ya latsa "saya" nasa ne, zuciyar da ta yi sha'awa tasa ce, kuma mala'iku ba sa ajiye alƙalami don an kunna kwamfuta. Ban ɓoye masa ra'ayina ba, na ce ba na son wannan shigar a gare shi, a fili ko a allo.

Wanda bai gamsu da wannan ba, ya saurari masu bincike. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford suka sa mutane cikin jikin aro, wasu aka ba su jikin da ya fi na abokin zamansu tsayi da santimita 10, wasu aka rage musu santimita 10, sannan aka ce su raba dala 100 tsakaninsu. Masu dogon jiki suka riƙa yanka wa kansu kaso mai tsoka, gajerun kuma suka fi saurin karɓar rabon zalunci. Binciken da suka ƙara a 2009 ya nuna halin yakan bi mutum har bayan ya cire na'urar ya zauna da mutum ido da ido. Ku lura da adadin, santimita 10, kusan tsayin tsinin takalmi ke nan. Jikin da ka ara yana koya maka tafiya, yana koya maka magana, kuma ba ya tsayawa a bakin ƙofa in ka fito. Duk wanda ya ce muku abin da aka yi a can a can yake ƙarewa, bai faɗa muku gaskiya ba.

Akwai kuma masu cin riba, waɗanda ba a cika ambatonsu ba in ana wannan musu. "Bayyana kanka" kalma ce mai daɗi, amma a bakin ɗan kasuwa kuka fi jin ta. Wasan Fortnite kyauta ake shiga, da sayar da sutura da ado yake tara dukiyarsa, har ta kai yara suna yi wa wanda bai sayi komai ba gori. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai wasan ya amince zai biya dala miliyan 520 a sasancinsa da hukumar kare masu sayayya ta Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa waɗanda aka zarge shi da jan su zuwa sayayyar da ba su yi niyya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In asalin kanka sai ka saya kafin ya bayyana, kuma wata mai zuwa sai an fito da sabo, to ka tsaya ka tambayi kanka wa ke bayyana, kai ko mai shagon?

Yanzu bari in juyo gare ku masu dariya, kuma da ku na fi jin zafi.

Makonni kaɗan bayan hirarmu, wani abokin ƙanina, wanda suke shiga tare, ya ɗauki hoton allon, ya rubuta sunan ƙanina na gaskiya a ƙasa, ya jefa a zauren 'yan ajinsu. Kafin gari ya waye hoton ya zaga. Aka laƙa masa sunaye waɗanda ba zan iya rubuta su a nan ba. Kwana uku yaron nan bai fito daga ɗaki ba. Na shiga na tarar da shi kwance ya juya wa ƙofa baya, wayar na ƙasa a kife tana ta girgiza, duk girgiza ɗaya sai in ga kafaɗarsa ta motsa. Da na kira wanda ya yaɗa hoton, kun san me ya ce mini? "Wallahi Yaya, wasa ne kawai."

Kun ji ko? Kalma ɗaya ce. Wasu daga cikinku ma da sunan kishin addini suka yi. To wane addini? Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, aya ta 12 ta hana bin diddigi da giba. Hadisi ingantacce ya ce wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi ranar ƙiyama. Imam Ahmad ya ruwaito cewa wata rana Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya, iska ta yaye ƙwaurinsa sirara, mutane suka yi dariya, sai Annabi ya shaida musu cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Ba za ka riƙe hadisi ɗaya ka doki ɗan'uwanka da shi, ka tattake ayoyi biyu a hanya ba. Wanda ya yi nasiha a keɓe ya yi gyara. Wanda ya tara jama'a kuwa, daɗin tozarcin yake nema, ko da ya buɗe da bisimilla. Masanin halayyar ɗan'adam John Suler ya yi bayani tun 2004 cewa rashin ganin fuska da ɓoyon suna suna kwance wa mutum linzami a intanet. Linzamin da ya kwance wa wancan ya sa abin da ba zai sa a titi ba, shi ne ya kwance maka ka rubuta abin da ba za ka iya faɗa a gaban mahaifiyarsa ba. Kuma yaron da kuka kora da dariya, ina kuke zaton zai je? Can zai koma, wurin da aka tafa masa.

A dare na uku ne ƙanina ya gaya mini abin da ban taɓa tambaya ba. Shi ne mafi gajarta a ajinsu tun yana ƙarami. In za a ɗauki hoto shi ake turawa gaba, in za a zaɓi 'yan ƙwallo shi ne na ƙarshe. Na ce, to me ya hana ka ƙara wa jikin aron tsayi kawai ka tsaya nan? Ya ce ya yi, ba wanda ya kula, kowa dogo ne a can. Ranar da ya sa jan takalmin kuwa, baƙi suka kewaye shi, wani ya ce masa jarumi, wata ta ce ba ta taɓa ganin mai kyan tafiya irinsa ba. Ya ce, "Yaya, ba a taɓa tsayawa don ni ba."

Ga masu irin wannan ƙishirwar a cikinku, ban raina ta ba. Kowa na son a karɓe shi. Amma ku dubi irin karɓar. Waɗanda suka tafa ba su san sunansa ba, ba su san muryarsa in yana cikin damuwa ba, kuma a kwana ukun nan ko ɗaya bai ƙwanƙwasa ƙofa ba, don ba su ma san akwai ƙofar ba. Takalmin suka yaba. Gobe in wani ya shigo da wanda ya fi shi tsini, can za su koma. Kayan aro ba ya rufe katara. Ku nemi mutum ɗaya mai jini da tsoka, yaya ko malami ko aboki mai amana, ku gaya masa inda ke muku ciwo kafin ku kai wa baƙi.

Mu kuma yayye, namu laifin ba ƙarami ba ne. Na ce ya buɗe kwamfutar ya zaga da ni. Sai ga shi falon nan mai walƙiya shi ya gina shi da kansa, tun daga ginshiƙai har inuwar da fitila ke jefawa a bango, wata huɗu yana koya wa kansa zane ba malami. A gida ɗaya muke kwana ban sani ba. Takalmin kaɗai na gani.

Da asuba muka fita tare, yana gefena, kansa bai wuce kafaɗata ba. A hanya na tambaye shi sunan da suke kiransa da shi a makaranta tun kafin wannan abu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Guntu." Na tsaya cak. A bakina aka fara jin sunan nan, yana ɗan shekara shida, ranar da abokansa suka zo gida. Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini. Bai amsa nan take ba, sai da muka yi tafiya mai ɗan nisa ya ce, "Na yafe, Yaya. Amma kada ka sake."