Jan launi ba shaidar mutuwa ba ne

Na sha karanta rahoton bincike kan ruwan bagaruwa ko ganyen darbejiya, ƙarshensa duk ɗaya: wai ya fasa tantanin da ke lulluɓe da bakteriya ya kashe ta. In ka bi sawu, sai ka tarar gwaji ɗaya tak aka yi. A ganina wannan bai kai hujja ba.

Gwajin da ya fi farin jini shi ne na rini. Akwai wani mai suna propidium iodide, ba ya iya ratsa lafiyayyen tantani, amma da zarar an sami kafa sai ya shige ya manne wa DNA, ya haska ja. Ana haɗa shi da wani rinin, SYTO 9, mai shiga kowace ƙwaya ya haska kore. Hoton gwanin kyau. Sai dai abin da jan ke faɗa kawai shi ne akwai ɓula. An ga ƙwayoyin da suka yi ja suka farfaɗo, kuma inda bakteriya suka cure cikin yauƙi, rinin kan kama DNA ɗin da ke waje, a ƙirga masu rai cikin matattu.

Inda kuɗi ya yi ƙaranci, akan tace ruwan gwajin a auna hasken da yake sha a zangon haske na nanomita 260, inda DNA ke shan haske, don a ga ko kayan cikin bakteriya sun yi yoyo. Nan na taɓa shan kunya. Lambobina suka haura, har na fara murna, sai wani abokin aiki ya ce, "Malam, ka auna kwalbar da babu ƙwayar cuta?" Kusan daidai suka fito. Ashe sinadarin tanin na bagaruwa, wanda majema ke jima da shi, shi ma yana shan haske a wannan zangon.

Irin su E. coli ma tantani biyu gare su. Sinadarin gwaji mai suna NPN na nuna raunin na waje, wani mai suna ONPG kuma na ciki, kuma hujewar ɗaya ba ta tabbatar da ta ɗayan. Bayan duk wannan, dole a shuka samfurin a farantin renon ƙwayoyi a kwana, a ƙirga abin da ya tsiro.

Sannan a gwada ruwan tsiron a kan jajayen ƙwayoyin jini, a ga ko su ma zai fasa su, domin sabulun wanki ma yana fasa tantani. Maganin colistin ma ta hanyar fasa tantani yake kashe bakteriya, amma saboda yadda yake taɓa ƙoda, likitoci ba sa ɗauko shi sai sauran magunguna sun gaza.